Kuskuren tsara takardar shaidar dijital

Kuskuren tsara takardar shaidar dijital matsala ce da manhaja ke cin karo da ita lokacin da take juya bayanan takardar, wato sunan mai ita, mabuɗinsa na tsaro, lambarta da wa'adinta, zuwa jerin bayit (ƙananan ma'aunan bayanai na kwamfuta) da za a adana ko a aika ta intanet. Yawancin waɗannan takardu, waɗanda ake tabbatar da asalin shafin intanet ko mutum da su, suna bin ƙa'idar X.509 da aka fara fitarwa a 1988, ana kuma rubuta su da tsarin DER, wato ƙa'idar mayar da bayanai zuwa bayit.

DER ba ya sassauci, kuma da dalili. Hukumar da ta ba da takardar tana sa hannu ne a kan bayit ɗin kansu, don haka kowane bayani hanya ɗaya tak ake rubuta shi. Bayit ɗaya ya canza, sa hannun ya ɓaci. Ƙa'idar RFC 5280 ta 2008 ta ce lambar takarda kada ta wuce bayit 20, kuma dole ta fi sifili. Kwanan wata ma da sharaɗinsa: har zuwa 2049 lambobi biyu ake rubuta shekara da su, daga 2050 kuwa huɗu.

Batun lambar takarda ya jawo rikici a 2019. Ana bukatar bit 64 na bazata a cikinta (bit takwas ne bayit ɗaya), amma EJBCA, manhajar bayar da irin waɗannan takardu, tana mayar da bit na farko sifili don kada lambar ta zama ƙasa da sifili, sai aka rage da 63. Kamfanoni irin su Google da Apple sai da suka soke takardu masu yawa, suka sake bayarwa.

A yaren rubuta manhaja na Java, umarnin getEncoded yana fitar da sanarwar kuskure mai suna CertificateEncodingException idan tsarawar ta ci tura. A manhajar tsaro ta OpenSSL kuwa, umarnin i2d_X509 lamba ƙasa da sifili kawai yake mayarwa, wanda bai duba ba sai ya wuce bai sani ba. Abin da ya dace shi ne a dakatar da aikin nan take, a rubuta dalilin a kundin manhaja, a ƙi takardar. Haɗiye kuskuren a ci gaba da aiki da sakamakon da babu komai a cikinsa shi ne mafi muni.

Sakaci wajen karantawa ma yana da haɗari. A 2014 an gano cewa NSS, manhajar tsaro ta Mozilla, tana karɓar tsawon bayani da aka rubuta ba daidai ba, abin da ya buɗe ƙofar ƙirƙirar sa hannun dijital na jabu irin na tsarin RSA.