Hayar gida a Abuja: ƙananan masu gidaje, 'yan haya da dabbobin gida

Ƙaramin mai gidan haya shi ne mutumin da ke da gida ɗaya ko biyu, ko ma 'yan ɗakuna a cikin gidan da yake zaune, yana bayar da su haya da kansa, ba kamfani ba ofis. A Abuja irinsu suna da yawa: ma'aikacin da ya yi ritaya ya saki boskwatar bayan gidansa, ɗan kasuwar da ya gina ciki da falo huɗu a Dei-Dei, matar da mijinta ya rasu ya bar mata gida a Kubwa wanda da kuɗin hayarsa take biyan makarantar yara. Galibinsu ba su da lauya, kuma da baki suke ƙulla magana. Daga nan yawancin rigingimunsu ke tasowa.

Asali

An ƙirƙiri Yankin Babban Birnin Tarayya a 1976, gwamnati kuma ta taso daga Legas a hukumance ranar 12 ga Disamba, 1991. Jama'ar da ta biyo gwamnati ta fi ƙarfin gidajen da aka tanada a Garki, Wuse, Maitama da Asokoro, sai masu ƙaramin albashi suka bazu zuwa Nyanya, Karu, Kubwa, Lugbe, Dutsen Alhaji, Zuba da Gwagwalada. Abubuwa biyu sun ƙara sauya fuskar haya a lokacin da Nasir El-Rufa'i yake ministan Abuja, daga 2003 zuwa 2007: rusau da aka yi wa gine-ginen da suka saɓa wa taswirar birnin, da sayar wa ma'aikata gidajen gwamnati. Na farkon ya kora mutane bayan gari neman ɗaki, na biyun ya mayar da ma'aikata da dama masu gida, wasunsu suka fara karɓar haya.

Akwai abin da ke rikita mutane. Wanda ke da gida a Mararaba ko Masaka, ko da a Wuse yake aiki kullum, gidansa a Jihar Nasarawa yake. Na Suleja da Madalla kuma a Jihar Neja. Dokar jihar da kotunanta ne ke aiki a kansu, ba na Abuja ba.

Yarjejeniya da kuɗi

Al'adar Abuja ita ce biyan hayar shekara guda gaba ɗaya, wasu ma su nemi ta shekara biyu ga sabon shiga. A kan wannan akwai la'adar dillali, wadda sau da yawa kashi 10 cikin 100 ce, da kuɗin rubuta yarjejeniya, da kuɗin ajiya na ɓarna wanda ake mayarwa idan mutum ya tashi bai lalata komai ba. Wannan kuɗi na ƙarshe amana ce, ba ribar mai gida ba, ko da yake masu gidaje da yawa sukan manta da hakan da zarar ya shiga aljihu.

Takardar yarjejeniya ba sai ta yi tsawo ba. Abin da ake buƙata ta ƙunsa shi ne sunayen ɓangarorin biyu da shaidu, adireshin gidan, adadin kuɗi, ranar shiga da ranar ƙarewa, yawan mutanen da za su zauna, wanda zai ɗauki kowane irin gyara, da tsawon notis. A rubuta ko an yarda ɗan haya ya sa wani a madadinsa, domin a unguwanni irin su Lugbe da Nyanya ba baƙon abu ba ne mai gida ya ba mutum ɗaya ɗaki, bayan wata uku ya tarar da wata fuska daban riƙe da makulli. Kowane biya a ba da rasit, ko da ta banki aka turo. Ranar shiga kuma a zagaya tare a ɗauki hoton bango, silin, famfo, tagogi da lambar mita.

Wajen zaɓen ɗan haya, sanin inda mutum ke aiki da samun wanda zai tsaya masa ya fi duban irin motar da ya zo da ita. Tambayar tsohon mai gidansa dalilin tashinsa takan bayyana abin da dillali ba zai faɗa ba, tunda shi la'adarsa yake nema.

Dabbobi

A nan ne aka fi samun saɓani a gidajen da ake tarayya a tsakar gida ɗaya, kuma a nan ne aka fi yin shiru lokacin ƙulla magana. Dokar haya ta Abuja ba ta tsara zancen kiwon dabba a gidan haya ba. Abin da aka rubuta a yarjejeniya shi ne madogara. Mai gidan da bai faɗi komai ba ranar karɓar kuɗi zai sha wuya ya hana daga baya.

Kare ne kan gaba. Abuja gari ne na kowa, kuma gida ɗaya kan haɗa Bahaushe, Gbagyi, Ibo da Tibi. A wurin wani, kare ɗan gida ne da ake yi wa wanka a sa masa suna. A wurin maƙwabcinsa da ke alwala a bakin famfon tsakar gida, abin ƙyama ne. Malaman mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta mafi yawan Musulmin Arewa, ba sa ɗaukar jikin kare mai rai a matsayin najasa, sun kuma halatta ajiye shi don gadi ko kiwo ko farauta, amma ana wanke ƙwaryar da ya sa baki a ciki sau bakwai, kuma a al'ada yawancin Hausawa ba sa son sa kusa da ɗaki ko wurin salla. Mai gida ba alƙalin wannan ba ne. Aikinsa shi ne ya yanke tun farko: ko gidan ba a kiwon kare, ko ana yi bisa sharuɗɗa. Sharuɗɗan da aka saba su ne kare ɗaya tak, a keji ko ɗaure da rana, a sake shi bayan an rufe get da dare, mai shi ya riƙa kwashe kashinsa, ya kuma ɗauki nauyin duk wanda ya ciza. Idan akwai 'yan haya a gidan tun da, a ji ta bakinsu kafin a karɓi mai kare, don kada a samu mutum ɗaya a rasa uku.

Sharaɗin da bai kamata a sassauta ba shi ne katin allurar rigakafin ciwon haukan kare. Cutar tana kisa da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, kuma yara ne suka fi shiga haɗari. Ana yi wa kare allurar tun yana kamar wata uku, a riƙa maimaitawa duk shekara. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924, tana cikin masu sarrafa ta. Idan aka yi cizo, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a wuce asibiti nan take.

Kyanwa ba ta cika jawo magana ba, har ma akan so ta saboda ɓera. Masu matsalar da ba a zata ba su ne dabbobin da Bahaushe bai ɗauka a bakin komai ba. Tantabaru kan cika rufi da kashi har ya toshe indararo. Kaji da agwagi na tona shukar maƙwabci su ɓata bakin ƙofa. Akuya kan cinye abin da aka shanya. Sai ragon layya, wanda kusan kowane gidan Musulmi zai ɗaure na 'yan kwanaki kafin Babbar Salla. Hana wannan bai dace ba, amma akwai bambanci tsakanin rago ɗaya na mako guda da wanda ya mayar da bayan gida turken kiwo na wata shida yana jiran kasuwa. Mai gida mai lura yakan ware wurin ɗauri da wurin yanka, ya sharɗanta a binne jini da dattin tumbi, kada a tura su kwata su toshe ta. Ana iya ƙara kuɗin ajiya ga mai dabba, a kuma rubuta cewa ƙofar da aka kakkarce da feshin ƙuma a kansa suke.

Wuta, ruwa da shara

Mita ɗaya ga ɗakuna shida tushen faɗa ne: mai firji da hita da mai ƙwan fitila ɗaya ba za su yarda da rabo daidai ba. Inda hali ya yi, kowane sashe ya samu mita mai kati daga kamfanin rarraba wutar lantarki na Abuja, AEDC, ko a sa ƙananan mitoci a ciki. Bashin wuta kan tsaya a kan asusun gidan bayan ɗan haya ya tashi, don haka a duba kafin a karɓi makulli. Kuɗin shara na hukumar kare muhalli ta Abuja (AEPB), man janareta na tura ruwan burtsatse, albashin maigadi da kwashe sokawe, duk a fayyace wanda zai biya. Bisa al'ada rufi, bango da manyan bututu na mai gida ne. Ƙwan fitila, kan famfo da makulli na mazauni.

Tayar da ɗan haya

Dokar karɓo gida daga hannun ɗan haya da ke aiki a Abuja ta ƙayyade notis idan yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba: mako ɗaya ga mai biyan mako-mako, wata ɗaya ga mai biyan wata-wata, wata uku ga mai biya duk wata uku, wata shida ga mai biyan shekara. Idan wa'adin ya cika bai fita ba, sai a ba shi wata takardar ta kwana 7 da ke sanar da shi niyyar zuwa kotu. Hayar da aka yanka wa ranar ƙarewa a rubuce takan ƙare da kanta, sai dai ita ma tana buƙatar takardar kwana 7 ɗin. Kuskure a lissafin ranaku na iya sa a kori ƙara a koma farko, shi ya sa ɗan kuɗin da za a ba lauya ya rubuta notis bai zama asara ba.

Cire rufi, ɓalle ƙofa, sauya makulli, yanke wuta da ruwa, ko watso kaya waje, duk ɗaukar doka a hannu ne, ko da mutum ya shekara bai biya ba. Mai gidan da ya yi haka na iya komawa shi ake nema da diyya. 'Yan sanda ma ba su da hurumin fitar da ɗan haya; kotu ce ke ba da umarni, ma'aikatanta su zartar. Kotun na iya haɗawa da bashin haya da kuɗin kwanakin da aka ƙara zama bayan wa'adi.

Saboda shari'a na cin lokaci, da yawa sukan fara da sulhu a gaban mai unguwa, limami, fasto ko shugaban ƙungiyar mazauna rukunin gidaje. Wasu masu gidajen sukan yafe bashin wata biyu ko uku a kan mutum ya fita ranar da aka sa. Idan aka cimma haka, a rubuta ranar da adadin da aka yafe, ɓangarorin biyu da shaidu su sa hannu, a karɓi makulli a gabansu.