Kiyasin lokacin da Galapagos ke ɗauka a Grasshopper

Galapagos wani ɓangare ne na Grasshopper, manhajar zane da ke aiki cikin Rhino, manhajar zanen 3D ta kamfanin Robert McNeel & Associates da ke Seattle a Amurka, David Rutten ne ya rubuta shi. Aikinsa ya yi ta jujjuya silaidojin (maɓallan da ake ja don canza lamba) da mai zane ya jona masa har ya dace da siffar da ta fi, bisa lamba guda da ake kira fitness, misali ƙarancin ƙarfe a rufi ko yawan hasken da ke shiga ɗaki. Yana fitar da zane da yawa a zubi ɗaya, ya ware nagari ya haɗa su su haifi na gaba, kamar dai manomi da ke tace iri kowace damina.

Lissafin lokacin ba wuya a takarda. Yawan zanen kowane zubi sau yawan zubi sau daƙiƙun da fayil ɗin Grasshopper ke ci kafin ya sake lissafa kansa sau ɗaya. Wannan na ƙarshen ana ganinsa idan aka kunna Profiler, ma'aunin lokaci na Grasshopper, tana rubuta lokaci a ƙarƙashin kowane akwatin umarni da ke cikin fayil ɗin. To a ce 50 ne kowane zubi, zubi 100, gwaji 5,000 kenan, in kowanne daƙiƙa 2 ne an kusa awa 3. Amma in akwai lissafin hasken rana na Honeybee (wata manhaja da ake ƙara wa Grasshopper) a ciki da ke cin minti guda, ai an wuce awa 83, kwana uku da rabi kwamfuta na nishi. Shi Galapagos kansa kusan ba ya cin komai, nauyin duk yana cikin fayil ɗin ne.

Inda lissafin ke watsewa shi ne yawan zubi, don ba a sanin shi tun farko, Galapagos yana tsayawa ne idan ya yi zubi masu yawa a jere ba ci gaba (50 ne saitin asali), ko ya kai makin fitness da aka sa masa, ko lokacin da aka ƙayyade ya cika, kuma tunda akwai sa'a a zaɓen, gudu biyu a fayil ɗaya ba lallai su ƙare tare ba. Zubin farko ma ana ninka shi biyu. Wallacei, wata manhajar da ke irin wannan aiki a Grasshopper, ta fi sauƙin kiyasi nesa ba kusa ba, ita tana amfani da dabarar zaɓe da ake kira NSGA-II kuma tun farko ake yanke mata adadin zubi.

Yawan silaida ma na ja da lokaci sosai, silaida 10 kowacce da matsayi 100 na ba da haɗi 100 sau kansa har sau 10, ba kwamfutar da za ta gama zagaya wannan. Shi ya sa masu aikin ke rage lambobin bayan ɗigo, su kashe preview (nuna zanen a allo), su cire akwatunan da ba su shafi fitness ba, sannan su bar shi ya yi zubi biyar ko goma su duba agogo kafin su bar shi ya kwana yana aiki.