Kare yara da masu rauni daga cin zarafi a ikilisiya

Kare masu rauni a ikilisiya tsari ne na dokoki da ƙa'idojin aiki da coci ke shimfiɗawa don kada wani ya fake da ibada ya cuci yaro ko babban da ba ya iya kare kansa, tare da fayyace abin da za a yi idan ƙorafi ya taso. Yaro a nan shi ne duk wanda bai kai shekara 18 ba, kamar yadda Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara ta 1989 ta tanada. Manya masu rauni sun haɗa da tsofaffi, naƙasassu, masu taɓin hankali, da wanda rasuwa ko rikicin aure ya jefa shi hannun mai ba shi shawara. Cin zarafin bai tsaya ga lalata ba. Akwai duka, da cinye dukiyar tsoho, da tsoratar da mutum da sunan Allah don a juya shi yadda ake so.

Yadda abin yake faruwa

Galibi mai cutar ba baƙo ba ne. Yana iya zama fasto, ko malamin makarantar Lahadi, ko shugaban mawaƙa, ko mai yawan hidimar nan da kowa ke yabo. Yakan fara ne da shiga ran iyaye. Ya riƙa rage wa yaro hanya bayan sujada, ya ba shi kyauta, ya tura masa saƙo da dare, ya ce masa wannan tsakaninmu ne. Kafin ya kai ga ɓarna, idon jama'a ya riga ya saba da ganinsu su biyu. Ranar da yaron ya buɗe baki, maganarsa za a auna da ta mutumin da ya yi wa rabin ikilisiya baftisma, kuma an san inda ma'aunin ke rinjaya.

Ɓarna ta biyu, wadda sau da yawa ta fi ta farko daɗewa a zuciyar wanda aka cuta, ita ce rufa-rufa. Shugabanni su ce kada sunan coci ya ɓaci, a sauya wa mai laifi wurin aiki, a matsa wa iyali su gafarta. Akan jawo Matiyu 18:15-17, inda aka ce a fara yi wa ɗan'uwa magana a keɓe, ko 1 Timoti 5:19 da ke neman shaidu biyu ko uku kafin a karɓi ƙara a kan dattijo. Masu aikin kariya sun ƙi wannan fahimta, domin laifi ne da ba a yinsa a gaban shaidu, hukuncinsa kuma yana hannun hukuma. A surar Matiyun nan ma, a aya ta 6, akwai gargaɗin dutsen niƙa a wuyan wanda ya sa ƙaramin yaro tuntuɓe.

Bincike-binciken da suka tona asiri

A 2002 jaridar Boston Globe ta Amurka ta bankaɗo yadda aka riƙa yawo da limaman Katolika masu laifi daga wannan coci zuwa wancan. Kadinal Bernard Law, Akbishop na Boston, ya sauka daga muƙaminsa a Disamba na shekarar, bayan bishop-bishop na ƙasar sun amince da kundin kare yara a Dallas cikin Yuni. Rahoton kwalejin John Jay na 2004 ya ƙirga limamai 4,392 da aka zarga tsakanin 1950 da 2002, kimanin kashi 4 cikin 100 na limaman Katolika na Amurka a wannan lokacin, da masu ƙorafi 10,667. A Faransa, hukumar da Jean-Marc Sauvé ya jagoranta ta ƙiyasta a 2021 cewa yara 216,000 ne limamai da 'yan zuhudu suka yi wa lalata tun daga 1950.

Matsalar ba ta ɗarika ɗaya ba ce. Binciken gwamnati a Ingila ya gano a 2020 cewa mutum 390 masu muƙamin amana a Cocin Ingila kotu ta kama da laifin lalata da yara daga shekarun 1940 zuwa 2018. A 2022 wani rahoto ya nuna yadda shugabannin ɗarikar Southern Baptist ta Amurka suka daɗe suna watsi da masu ƙorafi. A Nuwamba 2024 Akbishop na Canterbury, wato babban bishop na Cocin Ingila, Justin Welby, ya sanar da murabus bayan rahoton da ya ce bai bi diddigin zargin da ake yi wa John Smyth, wani lauya da aka zarga da cin zarafin yara maza, yadda ya kamata ba.

Matakan kariya

Ana farawa daga ƙofar shiga. Duk mai son aiki da yara, ko da sa-kai ne, sai an yi masa tambayoyi, an tuntuɓi inda ya taɓa hidima, an duba ko yana da tarihin laifi. Sai dai yawancin masu cuta ba a taɓa kama su ba, don haka takardar 'yan sanda kaɗai ba ta wadatar. Abin da ya fi tasiri shi ne ƙa'idar manya biyu: ba a barin babba ɗaya da yaro a ɗaki, ko a mota, ko a hirar waya ta sirri. Ɗakin ba da shawara a bar ƙofarsa buɗe ko a sa mata gilashi. Ƙa'idar ta hau kan kowa har babban fasto, kuma tana kare mai gaskiya daga ƙazafi.

Ikilisiyoyi da dama suna naɗa jami'in kariya, a manna sunansa inda yara za su gani. Idan yaro ya kawo magana, ana saurarensa cikin natsuwa, ba a tsare shi da tambayoyi, ba a kuma yi masa alkawarin ɓoyewa. A ce masa ya yi daidai da ya faɗa. A rubuta abin da ya ce da kalmominsa, a sa kwanan wata, a kai wa 'yan sanda ko hukumar kula da yara ba tare da an fara tunkarar wanda ake zargi ba. Shi kuma a dakatar da shi daga hidima har bincike ya kammala. Wanda ya gama zaman kurkuku yana son komawa sujada, wasu coci-coci kan sa shi hannu a yarjejeniya: ga sujadar da zai halarta, ga mai zama kusa da shi, kuma babu shi babu aikin yara.

Inda ake saɓani

A 2019 Fafaroma Francis ya wajabta wa limamai da 'yan zuhudu kai rahoton cin zarafi ga shugabannin coci, ya kuma cire irin waɗannan shari'o'i daga sirrin fadar Batikan. Masu suka sun ce dokar ba ta tilasta sanar da 'yan sanda ba sai inda dokar ƙasa ta buƙata. Taƙaddama mafi zafi tana kan furta zunubi a gaban limami. Hukumar binciken Ostireliya, wadda ta miƙa rahotonta a 2017, ta ba da shawarar a hukunta limamin da ya ji labarin lalata da yaro a wurin furta zunubi ya yi shiru, wasu jihohin ƙasar kuma sun mayar da hakan doka. Cocin Katolika ya tsaya a kan cewa wannan sirri ba ya karyuwa ko da me aka faɗa.