Jan fenti a katanga: wa ke yin me a ofishin ba da izinin gini?

Duk wanda ke zagaya sababbin unguwannin Kano, Kaduna ko Abuja ya san jan fentin nan da ake shafawa a katangar ginin da bai ƙare ba. Mai gini zai zo da safe ya tarar leburori zaune, birkila ya ce masa, "Alhaji, 'yan hukuma sun zo, sun ce a dakata." Abin da yawanci ke fara zuwa ransa shi ne wa zai gani, nawa kuma zai bayar. Da wuya ya tambayi wane jami'i ne ya zo, me doka ta ba shi ikon yi, me kuma ta hana shi. Ofishin ba mutum ɗaya ba ne. Tebura ne daban-daban, kowanne da tambayar da aka ɗora masa ya amsa kafin a kyale mutane su kwana a ƙarƙashin rufin.

Tushen tsarin shi ne dokar tsara birane da yankuna ta ƙasa, Doka ta 88 ta shekarar 1992, wadda aka yi a zamanin Janar Babangida. Ita ce ta tanadi sashen kula da gine-gine a matakin tarayya da jiha da ƙaramar hukuma, ta kuma ce babu mai fara gini sai da amincewar wannan sashe, har ma'aikatun gwamnati ba a ware su ba. A shekarar 2003 Kotun Ƙoli, a ƙarar da Jihar Legas ta shigar da gwamnatin tarayya, ta yanke cewa tsara gari hurumin jihohi ne. Shi ya sa Kano ke da KNUPDA, Kaduna ke da KASUPDA, Abuja ke da sashenta na kula da gine-gine, Legas kuwa ta raba aikin biyu: LASPPPA ta ba da izini, LASBCA ta bi ginin da ido. Wa'adodin da zan ambata a nan na dokar 1992 ne, wadda ke aiki kai tsaye a Abuja. Mazaunin wata jiha sai ya duba abin da dokar jiharsa ta ce, ko da yake jihohi da dama sun ɗauko tsarin nata.

Fayil yana farawa ne daga teburin rajista. Akawun wurin ba shi da ikon amincewa ko ƙi. Aikinsa ya tabbatar takardu sun cika, wato shaidar mallakar fili, taswirar safiyo, da zanen ginin, ya buɗe fayil, ya ba da lamba, a lissafa kuɗin da za a biya a ba da rasit. A nan mutane da yawa ke ruɗuwa, su ɗauka rasit shi ne izini, su je su fara haƙa harsashi. Rasit shaidar biyan kuɗi ce kawai.

Daga nan sai jami'in tsara gari, wanda tambayarsa ita ce: shin wannan wuri an ware shi don irin wannan gini? Shi ke duba ko filin gidan zama ne ake so a mayar da shi gidan mai ko makaranta, ko katangar ta ci hanya, ko an bar tazarar da ta kamata tsakanin gini da titi da maƙwabta, ko filin yana ƙarƙashin babbar wayar wuta ko kan hanyar ruwa. Filayen awon igiya a nan suke cijewa, domin dillalin da ya yanka su bai bar wa titi da magudanar ruwa haƙƙinsu ba, takardar mai unguwa kuma ba ta maye gurbin takardar da gwamna ke bayarwa a ƙarƙashin dokar filaye ta 1978. Idan aikin babba ne, kamar rukunin gidaje a filin da ya wuce hekta 2, ko masana'anta, ko ginin ofis da ya haura hawa 4, dokar 1992 ta ce sai an haɗa da rahoton tasirin aikin ga muhalli.

Mai duba zane, wato akitek na hukuma, yana kallon rayuwa a cikin ginin: iska da haske, faɗin matakala, ƙofar da mutane za su fita idan gobara ta tashi. Duba-gari yana kallon masai da sokawe da tazararsu da rijiya. A manyan gine-gine irin su otel da kasuwa da asibiti ana neman ra'ayin 'yan kwana-kwana. Injiniyan hukuma kuwa lissafi yake bi, ya ga ko harsashi da ginshiƙai da rodin da aka zana za su ɗauki nauyin da za a ɗora musu, kuma idan bene ne mai tsayi ya nemi sakamakon gwajin ƙasa. Dukkansu suna duba hatimin wanda ya yi zanen. Kowace sana'a da hukumar da ke yi wa masu ita rajista: akitek sai mai rajista da ARCON, injiniya da COREN, magini da CORBON, mai tsara gari da TOPREC, safiyo da SURCON. Hatimin nan yana nufin akwai mutum mai suna da lamba da za a kama idan abu ya lalace, shi ya sa sayen hatimin wanda bai taɓa ganin zanen ba yake ha'inci ga waɗanda za su zauna a gidan.

Bayan kowa ya rubuta ra'ayinsa a fayil, shugaban sashe ne ke sa hannu. Dokar 1992 ta ba shi zaɓi uku: ya amince, ya amince da sharaɗi, ko ya ƙi. Idan ya ƙi, dole ya faɗi dalili a rubuce. Ba a yarda a jinkirta yanke shawara fiye da wata 3 ba, izinin kuma yana da rai na shekara 2. Wanda ya karɓa ya ajiye bai fara aiki ba har wa'adin ya wuce, sai ya koma a sabunta masa.

Duk wannan aikin takarda ne. Mutumin da na fi ganin nauyinsa a ofishin shi ne sufeton da ke zuwa wurin gini, kuma shi ne wanda masu gini suka fi ɗauka abokin gaba. Kundin ƙa'idojin gini na ƙasa na shekarar 2006 ya tsara a riƙa duba gini mataki-mataki: lokacin da aka shata shi a ƙasa, lokacin harsashi, lokacin da gangar jiki ta tashi, lokacin rufi, da lokacin aikin wuta da famfo. Hikimar matakan a bayyane take ga duk wanda ya taɓa tsayawa a kan aiki. Da zarar an zuba kankare, babu mai iya ganin abin da ke ciki. Idan zane ya ce rodi mai milimita 16 ɗan kwangila ya sa mai 12, ko ya rage yawansa, ko ya tsawaita tazarar da ke tsakaninsu, sa'o'in da ke gabanin zuba dakin ne kaɗai damar kama shi. Haka kwaɓin: a ƙara yashi a rage siminti, a ido ba za a gane ba, sai an ɗebi samfuri an matsa shi a na'ura bayan kwana 7 da kwana 28. Idan filasta da fenti suka hau, gini mai rauni da mai ƙarfi kamanninsu ɗaya. Mai gidan da ya ba sufeto na goro don kada ya zo, ya biya kuɗi ne a rufe idon da ke tsare masa dukiya daga ɗan kwangilarsa.

A ranar 1 ga Nuwamba 2021 bene mai hawa 21 ya rufta a titin Gerrard da ke Ikoyi, mutum fiye da 40 suka mutu, har da mai ginin. Hukumar Legas ta ce hawa 15 aka amince a yi. Kamfanin injiniyoyin da ya fara aikin ya janye tun farkon 2020 da wasiƙa a rubuce. A ranar 12 ga Yuli 2024 makarantar Saints Academy da ke Busa Buji a Jos ta faɗo kan ɗalibai suna aji, aka rasa rai 22. A Kano ma, a watan Agusta 2022, benen da ake ginawa a titin Beirut ya rushe a tsakiyar kasuwar waya. Hawa 6 na ƙari, irin na benen Ikoyi, ba a dare ɗaya ake ɗora su ba. Ana ganinsu daga titi, kuma ganinsu aikin wani ne da ake biya albashi.

Jan fentin da muka fara da shi na jami'an tilasta bin doka ne, kuma su ma doka ta ɗaure musu hannu. Akwai umarnin dakatar da aiki, wanda ke fara aiki nan take. Akwai takardar gargaɗi da ke faɗa wa mai gini laifinsa da abin da zai yi: ya kawo zane a duba, ya gyara, ko ya rushe abin da ya ƙara. Takardar rusau daban take, ana ba da ita ne idan ginin ya zama haɗari, kuma dokar 1992 ta ba da kwana 21 kafin katafila ta zo, kuɗin rusau ɗin kuma a wuyan mai ginin yake. Fenti a bango ba ya wadatarwa, mai gini yana da haƙƙin ya ga takarda mai bayyana dalili. Wanda yake ganin an zalunce shi, dokar ta tanadi kotun musamman ta tsara birane da zai kai kuka, baya ga kotunan da aka saba.

Akwai takarda ta ƙarshe da kusan kowa ke mantawa da ita. Idan gini ya kammala, sufeto zai dawo ya gwada abin da aka gina da abin da aka amince, sannan a ba da shaidar cewa ginin ya dace a zauna a cikinsa. A Legas LASBCA ce ke ba da ita. Mai sayen gida, ko mai kama hayar bene don buɗe makaranta ko asibiti, yana iya neman a nuna masa ita tare da zanen da ke ɗauke da hatimin hukuma, ya ƙirga hawan da ke takarda, ya fita waje ya ƙirga na ginin.