Shakespeare Bai Ƙago Yawancin Labaransa Ba

An daɗe ana zaton cewa William Shakespeare, marubucin wasan kwaikwayo na Ingila, shi ne ya ƙago labaran wasanninsa, alhali akasarinsu ya tarar da su ne a rubuce. Labarin Romeo da Juliet ya fito a doguwar waƙar Arthur Brooke tun 1562, shekara biyu kafin a haifi Shakespeare. Wasan Macbeth ya samo asali daga littafin tarihi na Raphael Holinshed, wasan Julius Caesar kuma daga littafin Plutarch, marubucin Girka na dā, wanda Thomas North ya fassara a 1579. A Ingila ta wancan zamani ba a ɗaukar hakan sata. A ganina gwanintarsa tana wajen sarrafa labari, domin abin da Brooke ya shimfiɗa cikin watanni, shi ya dunƙule shi cikin 'yan kwanaki, har gaggawar masoyan ta zama sanadin ajalinsu.