Ma'anar Tundurmi da Yadda Yake Kama Mutum

Tundurmi cuta ce da ke sa wata gaɓa ta jiki, galibi ƙafa, ta kumbura ta yi girman da ya wuce misali, fatarta ta yi kauri da kaushi har ta riƙa tsattsagewa, alhali sauran jikin yana nan yadda yake. Yakan kama hannu ko mama, a wajen maza kuma yakan sauka a maraina ya zama gwaiwa, wadda kunya ke sa mutane da yawa su ɓoye ta shekara da shekaru.

Har yanzu akwai masu cewa sammu ne, ko kuma mutum ya taka wani abin da aka binne masa, amma asalin cutar wata siririyar tsutsa ce da likitoci ke kira Wuchereria bancrofti, wadda sauro ke ɗauka daga jinin mai ita ya kai wa mai lafiya. A karkarar Afirka, irin sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro shi ne ke yaɗa ta. Tsutsar takan zauna a magudanan da ke kwashe rarar ruwa daga tsoka, wato hanyoyin da ke bi ta inda kaluluwa ke fitowa, ta yi shekara 6 zuwa 8 tana haihuwa tana lalata su, har ruwan ya rasa mafita ya taru a wuri ɗaya. 'Ya'yanta kan fito cikin jini da dare, lokacin da sauro ke cizo, shi ya sa a da sai cikin dare ake ɗibar jinin gwaji.

Abin da ya fi muni shi ne yawanci tun ana yara ake kamuwa, ɓarnar kuma tana tafiya a ɓoye, sai an girma kumburin ya bayyana. A shekarar 2000 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin kawar da cutar, inda ake raba wa gari gaba ɗaya magungunan ivermectin da albendazole sau ɗaya a shekara, na aƙalla shekara 5. A 2017 ƙasar Togo ta rabu da matsalar, a shekarar ce kuma aka sanar da irin wannan nasara a jihohin Filato da Nasarawa.

Sai dai waɗannan ƙwayoyi yaɗuwa suke tsayarwa, ba sa mayar da ƙafar da ta riga ta kumbura, kuma a ganina nan ne aka fi barin marasa lafiya cikin duhu. Abin da ke ƙara girman ƙafar shi ne ƙwayoyin cutar da ke shiga ta faso ko ta cin ruwa a tsakanin yatsu, su tayar da zazzaɓi da raɗaɗi. Saboda haka ake so mai ciwon ya wanke ƙafar kullum da ruwa da sabulu, ya tsane tsakanin yatsun da tsabtataccen ƙyalle, ya ɗora ta a kan matashi idan zai kwanta, ya kuma sa takalmi. Gwaiwa kuwa tiyata tana magance ta.

Akwai wani nau'in tundurmi da babu ruwansa da sauro, wanda ake samu a tsaunukan Habasha da arewa maso yammacin Kamaru, inda manoma ke daɗewa suna taka jar ƙasar duwatsu masu aman wuta ba takalmi.