Laftof ko tabilet? Tambayoyin da ake yi mini kafin a shiga kasuwa

Duk wanda aka san shi da taɓa kwamfuta a unguwa ya san wannan kira: "Don Allah za ka raka ni Farm Centre?" Ga tambayoyin da suka fi maimaituwa a kan hanyar zuwa wannan kasuwar wayoyi da kwamfuta ta Kano, da amsar da nakan bayar.

Wanne ya fi, laftof ko tabilet?

Me za ka yi da shi? In karatu ne da kallon darasi da sauraron tafsiri, tabilet ya wadatar. Ba shi da nauyi, batirinsa na daɗewa, kuma ko da ƙaramar sola ko fawa-bank za ka cika shi, wanda ba ƙaramin abu ba ne a inda wuta ke zuwa ta ga dama. Amma in furojet za ka rubuta, ko lissafin shago a Excel, ko koyon rubuta manhaja, sayi laftof. Na ga ɗalibar da ta yi ƙoƙarin tsara babi biyar da yatsa a kan gilashi. A babi na biyu ta koma shagon buga takardu tana biya shafi-shafi.

Mai shago ya ce Core i7 ce. Shi ke nan na dace?

A nan ake cin kasuwar mutane. Core i7 sunan furosesa ne na kamfanin Intel, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. Wannan 'yar takarda da aka manna kusa da madannai sau da yawa ba ta faɗa maka shekarun na'urar. Abin tambaya shi ne janareshon, kuma yana cikin lambar da ke bin sunan. A i7-3520M, lambar farko 3 ce, wato tsara ta uku, ta 2012. A i5-8250U kuwa 8 ce, tsara ta takwas, ta 2017. Ta farkon ƙwaƙwalwa biyu gare ta, ta biyun huɗu. Ka ga i5 ɗin nan ta fi waccan i7 ƙarfi nesa ba kusa ba, amma sau da yawa sai a ɗora wa tsohuwar kuɗi saboda sunanta ya fi daɗin faɗa.

Akwai wani dalilin kuma. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, ita kuma Windows 11 a ƙa'ida daga tsara ta takwas ta Intel take farawa. Masu gyara suna da dabarar cusa ta a tsofaffin na'urori, tana kuma tashi, sai dai ni ban ba kowa shawarar ya zuba kuɗinsa a kan dabara ba. Kada ka yarda da baki. A buɗe maka saitin ka karanta lambar da idonka.

Ram nawa, ma'ajiya nawa?

Ram, wato wurin da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai, 8GB, ma'ajiya kuma SSD, wato mai sauri wadda ba ta da faifai mai juyawa, ko da 256GB ce. Tsohon faifai mai juyawa ko ya kai 1TB, za ka kunna ka je ka yi alwala ka dawo.

'Yar gwanjo fa, akwai matsala?

Babu laifi. HP EliteBook da Dell Latitude da Lenovo ThinkPad da ke shigowa ta Legas yawancinsu na ofisoshin Turai da Amurka ne, kuma an ƙera su da ƙwari. Batiri ne ke fara gajiya. Windows na da umarnin powercfg /batteryreport, wanda ke nuna ƙarfin batirin lokacin da yake sabo da abin da ya rage yanzu. In mai shago ya hana ka dubawa, ka gane. Danna kowane harafi, gwada kowace kafa da filashi, ka buɗe murfin ka rufe ka ji ko maƙalin na ƙara. In iPad ce, a cire asusun iCloud na mai ita a gabanka. In ba haka ba, tana iya kulle maka, ka ga faranti ka saya.

Yarona zai rubuta JAMB. Tabilet zai taimaka masa?

Don bitar tsofaffin tambayoyi, ƙwarai. Amma tun 2015 jarrabawar gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta, mai madannai da linzami. Yaron da shafa gilashi kawai ya sani, hannunsa na rawa a ranar. Ko ba ka da halin saye, kai shi cibiyar koyon kwamfuta ya yi 'yan kwanaki yana dannawa.

Me ya sa laftof tawa take zafi tana huci?

Ƙurar hunturu ce ta toshe fanka, ko kuma a kan katifa kake ɗora ta. Yawancinsu ta ƙasa suke shaƙar iska. Sa ta a kan tebur ko tire, a riƙa hure mata ƙura bayan hunturu, kafin zafin Afrilu ya same ta a shaƙe.

Zan iya rubuta ƙ da ɗ da ɓ?

A tabilet mai Android, ƙara Hausa a Gboard, wato manhajar madannai ta Google. A Windows ma akwai madannan Hausa cikin saitin harshe. Sai dai haruffan ba a zane suke a jikin maɓallan ba, sai hannu ya saba da wurarensu.